Fiyus a Aljihun Maigida

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum, mai gyaran firiji. Ba zan kama sunansa ba. Yana nan da ransa, kuma abin da ya same shi ya ishe shi, ba sai na ƙara masa da tonon asiri ba. Shi da bakinsa ya ce mini, "Malam, ka ba da labarina, ko Allah zai sa wani ya tsira." To, yau zan sauke wannan nauyi.

Gwani ne a sana'arsa, wannan kam ba a ja. In ya kara kunnensa a bayan firiji, daga gurnanin injin kaɗai zai gaya maka abin da ke damunsa. Ni kaina ya taɓa tayar mini da nawa, bayan masu gyara biyu sun ce in kai wa masu sayen tsofaffin ƙarafa. Shagonsa ɗan ƙarami ne a bakin titi, cike da matattun injuna da tukwanen gas da wayoyi, ga sababbin robobin ƙofar firiji rataye a ƙusa. Ku riƙe maganar robobin nan, za mu dawo kansu.

Da yana saurayi hannunsa a sake yake. Abokansa Na-Kowa suke kiransa, domin aljihunsa na kowa ne. Abin da ya samu da hantsi ba ya ganin la'asar. Ya biya wa wannan shayi, ya cika wa wancan kuɗin mota, ya sayi takalmi ya sa sau biyu ya kyautar. Shekara goma yana aiki, ko katifar kirki bai ajiye ba.

Sai Allah ya haɗa shi da mace ta gari, mai hankali, mai ƙarancin magana. Tana da ciwon suga tun tana ƙarama, irin wanda sai an yi allura safe da yamma. Ba ta ɓoye masa ba. Iyayenta sun rasu, yayanta ne ya riƙe ta, wani direban babbar mota. Da aka zo maganar aure, yayan ya ja shi gefe ya ce, "Ban tambaye ka gida ba, ban tambaye ka mota ba. Abu ɗaya nake roƙonka, allurar yarinyar nan. Maganin ba ya son zafi. Kullum a firiji yake kwana, a firiji yake wuni."

Mutumin ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya! Mai gyaran firiji kake koya wa sanyi?"

Yayan ma ya yi dariya. Ya ga ai ya kai amanarsa inda ya dace.

Suka kama hayar ɗaki biyu a saman bene, ƙarƙashin rufin kwano. Ya kawo wani firiji da ya haɗa da hannunsa, ya ajiye a kicin. Nan fa matar ta fara gyara masa rayuwa. Ita ta koya masa tattali. Guntayen sabulu ba a yar da su, sai ta tara su a tsohuwar safa a yi wanke-wanke da su. Shinkafa ta ce a daina awo kullum, a sayi buhu. Ɗakin da ba kowa a kashe fitilarsa. Da safe ta zuba masa abinci a kula ya tafi da shi shago, ya daina sayen na titi. Wandonsa in ya yage ta ɗinke, ba wanda zai gane.

Ya 'yan uwa, a nan babu laifi ko kaɗan. Kada wani ya tashi daga nan ya ce Malam ya hana tattali. Tattali abin yabo ne, almubazzaranci kuwa Allah ya hane mu da shi. Cikin shekara biyu mutumin da bai da katifa ya sayi fili a bayan gari. Ranar da ya karɓo takarda ya dawo ya ɗora ta a cinyar matarsa ya ce, "Wannan naki ne, ni kafin zuwanki rariya ne." Suka yi ta dariya su biyu. Da abin ya tsaya nan, da yau ba ku ji labarinsa a bakina ba.

Amma ajiya tana da zaƙi, kuma Shaiɗan ba ya zuwa wa kowa ta ƙofa ɗaya. Wanda ya kasa kamawa da ɓarna sai ya zagayo masa ta riƙo.

Aka fara gini. Mutumin ya san farashin bulo, daga nan kuma idonsa ya daina ganin komai sai bulo. In matar ta ce a sayo nama, sai ya ce, "Kin san naman nan bulo huɗu ne?" In ta ce man shafawarta ya ƙare, ya ce bulo biyu. Da farko wasa ne, tana dariya tana cewa, "To Maigida, yau a dafa mana bulo ɗaya da rabi." Daga baya dariyar ta tsaya, maganar ba ta tsaya ba.

Ya kwance ƙwan fitilar kicin da na banɗaki, ya bar ɗaya tal a falo. Ya sami alƙalami mai kauri ya riƙa jan layi a jikin galan ɗin man girki, da yamma ya duba inda ya sauka. Ya sa wa kabad ɗin kayan abinci kwaɗo. Baƙo in ya zo, ruwa ne kawai, shi ma rabin kofi. Zumunci ya yanke, domin kuɗin mota bulo ne. Abokan da ke kiransa Na-Kowa suka koma kiransa Na-Kansa. Wani mai barkwanci a cikinsu ya ce, "Ai ko na kansa ba shi ba ne, dubi takalminsa. Na-Bulo dai."

Matar fa? Ta yi haƙuri. Tana ganin ita ta fara koya masa, da wane baki za ta ce ya yi yawa? In ta yi magana sai ya ce, "Don wa nake yi? Ba don ke ba? Kina so mu mutu a gidan haya?" Wannan kalma ta "don ke nake yi" ta rufe bakin mata da yawa, 'yan uwa.

Gidan yana da mitar wuta irin mai cin kati, kowane mai haya da tasa. Kullum zai fita sai ya tsaya gaban mitar ya ƙura mata ido, in ya dawo ya sake tsayawa. Ya ga wuta tana tafiya da rana alhali ba ya nan. Fanka, guga, cajin waya, ga firiji yana ta gurnani. Abin ya tsaya masa a rai. A ƙarƙashin mitar akwai fiyus, ɗan abin nan na tangaran da in aka zare shi wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke. Wata safiya ya sa hannu ya zare shi, ya jefa a aljihu.

Matar ta biyo shi bakin matakala ta ce, "Maigida, fanka na haƙura, guga na haƙura. Allurata fa?"

Ya ce, "Ke ce mai gyaran firiji ko ni? Firiji in ya kwana yana aiki, yana riƙe sanyinsa har magariba, muddin ba a buɗe shi ba. Ki ɗauki ta safe kafin in fita, ta yamma in na dawo. Shi ke nan."

Ya kawo wata roba ta tsohuwar tayar keke ya ɗaure ƙofar firijin da ita, don kada ta yi mantuwa ta buɗe. Daga ranar, kullum da safe fiyus yana aljihu, sai magariba ya dawo mazauninsa.

Ku lura da kyau. Jahili ba zai yi wannan ba. Jahili tsoro zai ji, ya ce ban san kan firiji ba, bari in bar shi a kunne. Ilminsa ne ya ba shi ƙarfin hali. Kuma abin da ya faɗa yana da ƙamshin gaskiya, in firijin lafiyayye ne, a ɗaki mai inuwa. Nasa kuwa robar ƙofarsa ta tsage daga ƙasa, iska tana shiga. Ya gani, ya sani. Sababbin robobi suna rataye a shagonsa, ba sai ya je kasuwa ba. Amma ya ce waɗannan na masu biya ne, ya nannaɗe takarda ya cusa a tsagar. Ga kicin ɗin yana kallon yamma, ga kwano a sama. Daga azahar zuwa la'asar, in ka shiga sai ka ji kamar an buɗe maka murhu. Shi bai taɓa wuni a gidan ba, ballantana ya ji.

Bai tsaya nan ba. Da ma wata-wata ake sayo mata maganin. Sai ya ji labarin cewa in an saya da yawa a wajen masu sari ana samun ragi. Ya je ya kwaso na wata shida a lokaci ɗaya, ya jera kwalaben a ƙofar firiji, yana murna ya ceto bulo ashirin. Sannan 'yan tsinkayen nan da take gwada jininta da su a gida, ya ce ɓarna ce. "Shekara nawa kina da ciwon nan? Ai jikinki zai gaya miki." Ya daina saye.

Kun gani? Kowane ɗaya daga cikin abubuwan nan, in ka ɗauke shi shi kaɗai, sai ka ce ƙaramin abu ne. Ya tara magani mai yawa a firijin da ke wuni a kashe, sannan ya ɗauke abin da zai nuna cewa maganin ya daina aiki.

A cikin wannan hali Allah ya ba ta ciki, bayan shekara shida suna jira. Mutumin ya yi murna ta gaskiya, ba zan zalunce shi ba. Ya je fili ya nuna wa magina inda ɗakin yaro zai kasance, ya ce a yi masa babbar taga. Amma murnar ba ta sa ya saki hannu ba, ƙara damƙewa ya yi. Ya ce dole a gama rufi kafin haihuwa, ɗansa ba zai buɗe ido a gidan haya ba.

Likitar da ke duba ta ta ce ta riƙa zuwa duk mako biyu, saboda mai irin ciwonta in tana da ciki sai an sa ido. Ya ce sau ɗaya a wata ya isa. Da ta je aka ga sugan ya hau. Likita ta ƙara mata yawan allura, ta tambaye ta, "Maganin a firiji kike ajiye shi ko?"

Ta ce, "E, a firiji yake."

Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma faɗi gaskiya ba. Ta ji nauyin ta buɗe baki a gaban baƙuwa ta ce mijina yana tafiya da wutar gidanmu a aljihu. Ta rufa masa asiri, ta koma gida tana ƙara yawan allurar da babu komai a cikinta.

A ƙasan benen akwai wata dattijuwa mai ɗinki, kowa Iya yake ce mata. Ita ta lura cewa daga safe zuwa magariba ba a jin motsin fanka ko rediyo a sama. Wata rana ta hau, ta tarar da matar kwance a kan siminti tana fifita da kwali. Ta taɓa jikin firijin, ta ji shi da ɗumi. Ta ce, "'Yar nan, kwaso allurar nan ki kawo in sa miki a nawa. Ba wanda zai ji."

Aka yi haka kwana tara. A na goma ya buɗe firiji ya ga babu kwalabe. Da ya ji inda suke, ransa ya ɓaci matuƙa. Ya ce, "So kike a riƙa nuna ni a titi? A ce ga mai gyaran firiji, matarsa tana roƙon sanyi a maƙwabta? Wa zai sake kawo mini aiki?" Ya sauka da kansa ya karɓo, ya yi wa dattijuwar godiya irin ta gatse. Iya ta ce, "Ɗan nan, ka ji tsoron Allah." Ya ce, "Iya, kowa ya tsaya kan sana'arsa. Ni ban taɓa koya miki yanka yadi ba."

Yanzu bari in faɗi nawa laifin, tunda ina faɗin na wani. A cikin waɗancan kwanakin ya zo duba mana injin sanyaya ruwa na masallaci. Ya sunkuya zai yi alwala, fiyus ɗin ya faɗo daga aljihunsa. Na ɗauka na ce, "Wannan fa?" Ya ba ni labari yana alfahari, yadda katin wata ɗaya yake kai shi wata uku. Ni kuma na yi dariya na ce, "Kai, lallai ka iya tattali!" Ban tambaye shi wa ya bari a gidan ba. Ban tambaye shi ko ta yarda ba. Wallahi har yau in na tuna dariyar nan sai in ji kunyar kaina.

Jikin matar ya fara gaya mata, kamar yadda ya ce. Ƙishirwa ba dare ba rana. Ciki yana girma, ita tana ramewa. Ta ce masa tana ganin abubuwa dishi-dishi, wani lokaci kamar baƙaƙen zare suna yawo a idonta. Ya ce laulayi ne, kowace mace tana yi. Da abin ya ƙi ƙarewa sai ya fara zarginta da shan zaƙi a ɓoye, ya ɗauke gwangwanin sukari ya kai shago. Ranar asibiti ta zagayo, ta zo daidai da ranar sayen katako. Ya ce a bari sai mako mai zuwa. Mako mai zuwa ya zo, aka sake ɗagawa.

Ta ce masa, "Maigida, yaron nan ya rage motsi."

Ya ce, "Hutawa yake yi. Jibi za a buga kwano, in an gama sai in kai ki da kaina."

Ranar buga kwano ya fita da sassafe, fiyus a aljihu. Cikin yana wata takwas. Da rana ta take, amai ya kama ta, numfashinta ya riƙa fita da ƙyar. Ta lalubo wayarta za ta kira shi, wayar a mace, domin daren jiya an manta ba a sa ta a caji ba, da rana kuma babu wuta. Ta rarrafa zuwa bakin matakala. Iya tana kan keken ɗinki ta ji kofin silba yana gangarowa daga sama, tsani bayan tsani. Ta fito ta ɗaga kai, ta gan ta kwance, hannu ɗaya yana lilo.

Maƙwabta suka taru aka sa ta a mota. Iya, Allah ya saka mata, kafin ta bi su sai da ta koma sama ta tsinke robar da aka ɗaure firijin da ita, ta kwashe kwalaben a leda. Aka aika a nemo mijin. Aka same shi a saman gini yana ƙirga ƙusoshi, kada kafinta ya wuce da ragowar.

Da ya isa asibiti ya tarar da yayan matar ya riga shi. Likita ta fito da ledar a hannu. Ta ɗaga kwalba ɗaya a hasken taga, kowa ya ga abin da ke ciki ya yi gudaji-gudaji, kamar madarar da ta tsinke. Ta ce, "Wannan maganin ya daɗe da lalacewa. Zafi ya kashe shi. Watanni baiwar Allah nan tana soka wa kanta abin da bai fi ruwa ba. Ba ku da firiji ne a gidan?"

Sai Iya ta ce, "Likita, mijinta ne mai gyaransa."

Aka ce ya je ya biya kuɗin magani. Ya zura hannu a aljihu, ya zaro, sai ga fiyus a tafin hannunsa a gaban kowa. Yayan ya dubi abin, ya dubi fuskarsa. Direba ne, ya san abin da yake gani. Mutane suka matso don sun zaci zai kai masa duka. Bai ɗaga hannu ba. Cewa kawai ya yi, "Abu ɗaya na roƙe ka."

Yaron ya riga ya rasu a ciki, likita ta ce ya kai kwana biyu. Namiji ne. Aka naɗe shi aka miƙa wa uban. Ya gaya mini cewa da ya karɓe shi, abin da ya fara zuwa masa a rai, ba da son ransa ba, shi ne yaron bai kai nauyin bulo ɗaya ba. Ya ce, "Malam, ka ga inda zuciyata ta kai? Ɗana a hannuna, ina auna shi da bulo."

Matar ta yi kwana uku ba ta san inda take ba. A na huɗu, da hantsi, ta farfaɗo. Tagogin ɗakin a buɗe suke, rana ta shigo har kan gadon, ga dogayen fitilun asibiti a kunne. Yana zaune a gefenta. Ta ji numfashinsa, ta juyo da fuska wajensa, idanunta a buɗe. Ta ce a hankali, "Maigida, ka dawo? Don Allah ka mayar da fiyus ɗin, ko na ɗan lokaci ne. Duhun ya yi yawa."

Ya 'yan uwa, jini ne ya zuba a cikin idanunta.

Daga nan hannun da ya ƙi buɗuwa don tsinken gwaji ya buɗu gaba ɗaya. Aka yi mata aikin ido na farko, aka yi na biyu. Ya sayar da kayan shago. Ya sayar da gidan, da sabon kwanonsa, da ɗakin yaro mai babbar taga, a farashin da mai saye ya ga dama, domin kowa ya san a matse yake. Bai kwana a cikinsa ko sau ɗaya ba. Bayan duk wannan, ido ɗaya ya tafi, ɗayan kuma inuwa kawai yake gani, ta san mutum ya gifta amma ba ta san ko wane ne ba.

Da aka sallame ta yayanta ya wuce da ita gidansa. Mijin ya yi ta sintiri yana ba da haƙuri. Rannan ta yarda aka shigo da shi. Ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ni ma da laifina, da aka tambaye ni na yi shiru. Na yafe maka abin da ka yi mini, na yaron kuma ba ni kaɗai ke da shi ba. Amma ba zan iya komawa ba. Ko a nan, in na ji takun mutum zai fita da safe, sai gabana ya faɗi. Ka sawwaƙe mini." Ya sawwaƙe mata, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Labari ya bazu. Abin da ya ji tsoro, a nuna shi a titi, shi ya same shi, ta hanyar da ta fi muni. Masu kawo gyara suka janye. Wa zai ba da firijinsa ga wanda na gidansa ya kashe masa ɗa? Yanzu a bayan shagon wani yake kwana, yana taya shi ƙananan ayyuka. Duk farkon wata yakan sayi allura sabuwa, ya sa a kula da ƙanƙara, ya kai ƙofar gidan yayan ya tsaya daga waje. Wani watan a karɓa, wani watan a dawo masa da ita.

Ga abin nan a hannuna, ku dube shi. Shi ya kawo mini, ya ce in riƙa nuna wa mutane. Ɗan tangaran ne da guntuwar waya, bai cika tafin hannu ba. Na baya, kuna hangowa? Wannan ne ya ci ɗa, ya ci ido, ya ci aure, ya ci gidan da aka yi duk abin dominsa.

To, ina masu sabon aure? Ina masu cewa mun kama tattali, muna tara na gini? Madalla, ku tara. Amma ga tambayar da ban yi wa mutumin nan ba, yau ina yi muku ita: wa ke ɗaukar zafin tattalin naka? In kai ne, ka haƙura da sabon takalmi, ka taka da ƙafa maimakon hawa mota, Allah ya yi maka albarka. In kuwa kana wuni a shago ƙarƙashin fanka, wata tana wuni a ɗaki tana fifita da kwali, kada ka kira shi tattali. Sunansa rowa, kuma zalunci ne. Ci da sha da maganin iyalinka ba kyauta kake yi musu ba, hakki ne a wuyanka, za a tambaye ka. Ranar ba za a karɓi bulo ba.

Kada kuma sanin sana'arka ya rufe maka kunne. Matarsa ta faɗa masa, dattijuwa ta faɗa masa, yayanta ya faɗa masa tun kafin a ɗaura. Duk ya fi su sanin firiji, haka ne. Su kuma sun fi shi sanin abin da ke cikinsa.

Ku kuma 'yan uwa mata da ke jina daga baya, rufin asirin miji abu ne mai kyau, amma ba ya kaiwa ga abin da zai taɓa ranki ko na abin da ke cikinki. In likita ta tambaye ki, faɗi duka. In abu ya fi ƙarfinki, kina da yaya, kina da kawu, kina da maƙwabciya. Mu kuma da muke ganin irin wannan a wajen abokanmu muna dariya, muna laƙaba musu suna, mu daina tsayawa a dariyar. Mu tambaya.

Wataƙila a cikinmu yanzu akwai wanda ya fito da mukullin kabad a aljihu. Wataƙila akwai wanda aka ce masa jiya magani ya ƙare, ya ce a bari sai mako mai zuwa. Ban san ko wane ne ba, shi ya san kansa. In an sallame salla kada ka tsaya gaisawa da kowa. Ka tafi gida ka mayar da abin da ka zare, tun mai jiranka tana iya ganin shigowarka.

Ya Allah, ka raba mu da ɓarna, ka raba mu da ƙwauro, ka tsayar da mu a tsakani. Ka ba baiwar nan taka haƙuri, ka musanya mata da hasken da ba ya ɗaukewa. Ka karɓi tuban bawan nan naka, ka yafe mini dariyar da na yi. Kada ka sa waɗanda ka ba mu amana su cutu ta hannunmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye na ƙarƙashinmu daga gare mu. Amin.